Jirgin Ƙasa Na Wasa: Yadda Za A Sa Masa Murya Da Kuɗi Kaɗan

Dattawan da suka tashi a Zariya, ko Kafancan, ko Minna, ko unguwannin da ke maƙwabtaka da tashar Kano, ba sai an gaya musu cewa da kunne ake fara sanin jirgin ƙasa kafin ido ba. Tun yana nesa za a ji usur ɗinsa, sa'an nan a ji numfashinsa yana ƙaruwa, masu talla su sunkuci farantansu, 'yan dako su miƙe. Tun daga 1911 da dogo ya iso Kano ta hanyar Baro, wannan numfashi na jirgi mai tururi, wanda daga baya aka riƙa ciyar da shi da kwal ɗin Inugu, ya zama agogon garuruwa da yawa, har zuwa lokacin da jiragen dizal suka kore shi sannu a hankali.

Yaron da aka haifa a Nyanya kuwa bai san wannan murya ba, bai ma san ta dizal ɗin ba sai in an kai shi Idu ko Kubwa. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli na 2016, an buɗe na cikin birni a 2018, aka sāke tayar da shi a 2024 bayan ya daɗe a kwance, amma duk ta ɗaya ɓangaren birnin suka bi. Layin da tsarin ya tanada zai zo Nyanya da Karu har yanzu a takarda yake. Abin da kunnen yaron Nyanya ya saba da shi shi ne hon ɗin motocin da ke cushe a hanyar Keffi tun da asuba, daga Mararaba har gangaren Kugbo.

Duk da haka yara ba su daina ƙera jirgi ba. Wanda ya san motar kara da motar langa-langa ya san yadda ake jera gwangwanayen kifi a zare, a yanka musu ƙafafu da tsohon silifas ko murfin kwalba, a ja su cikin rairayi. Abu ɗaya ne ba ya cikin ƙirar, watau ƙara. Wannan bakin mai jirgin ne ke yinta, in ya gaji jirgi ya zama bebe.

To, mai karatu, wannan damuwa ba ta yaranmu kaɗai ba ce. A Ingila da Jamus da Amurka akwai magidanta, wasu da furfura, waɗanda ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidajensu, da tasha da gada da ramin dutse, su sa ɗan jirgi mai batir ko mai lantarki yana kewayawa. A garin Beaconsfield na Ingila akwai wani ƙauyen kwaikwayo da ake kira Bekonscot, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1929, har gobe ƙananan jiragensa na gudu a fili. A 1968 kamfanin Lehmann na birnin Nurembag a Jamus ya fito da jiragen LGB, masu jure rana da ruwan sama, waɗanda faɗin layinsu milimita 45 ne. Wannan awo ya yi mana daidai ƙwarai. Tsohon layin dogon Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. In aka raba shi gida 24 za a sami milimita 44 da rabi. Ke nan wanda ya ɗauki rabin inci a matsayin kowace ƙafa ɗaya, zai iya ƙera jirgin Ikko zuwa Kano ya hau wannan layi ba gyara. Kuma mafi ƙanƙantar da'irar da ake haɗawa da layin ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai a faɗi ba, saboda haka ko tsakar gidan haya na Nyanya, inda ba a zancen lambu, za ta ɗauka.

Kamfanoni irin su ESU da Zimo suna sayar da 'yan na'urori masu ɗauke da muryar jirgi ta gaske, har da ƙarar birki da ta shebur ɗin mai zuba kwal. Suna da kyau, amma da kuɗin waje ake sayensu, kuma mai yiwuwa ne kuɗin guda ɗaya ya fi na jirgin da za a sa wa. Ba su ne abin zancenmu ba. Masu wannan wasa da yawa a can ma hanyar araha suke bi, kuma kusan duk abin da suke amfani da shi yana nan zube a teburin masu gyaran waya da rediyo na Nyanya.

SIRRIN YANA GA LISSAFI

Kafin a taɓa waya ko batir, ya kamata a san abin da ke haddasa numfashin jirgi mai tururi, domin a nan ne mafi yawan masu ƙira ke ɓata rawarsu da tsalle. Kan jirgi irin wanda ya yi aiki a ƙasar nan, kamar samfurin nan da aka raɗa wa sunayen koguna wanda aka fara kawowa a ƙarshen shekarun 1940, silinda biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe. Tururi yana tura fistin gaba, sa'an nan ya sāke turo shi baya, kuma a ƙarshen kowace turawa sai a saki tururin da ya gama aiki ya fice ta bututun hayaƙi da ƙarfi, yana jan iska ta cikin wuta kamar yadda zuga-zugin maƙeri ke yi. Ficewar nan ita ce ƙarar da ake ji. Kowace silinda tana fitar da numfashi biyu a juyi ɗaya na ƙafar jirgi, kuma an saɓa su yadda ba za su faɗo tare ba. Biyu sau biyu, huɗu. Juyi ɗaya, numfashi huɗu. Mai silinda uku, irin shahararren Flying Scotsman na Ingila, shida yake yi.

Abin da wannan ke nufi shi ne, ƙarar tana ɗaure da ƙafa. In jirgi zai tashi daga tasha, numfashin yana fita ɗai-ɗai da nauyi kamar na ingarman da ya sha sukuwa. In ya ɗau hanya sai ya haɗe ya zama kiɗa. In direba ya rufe tururi a gangara sai ya ɗauke ɗif, a bar ƙarar ƙafafu kawai. Saboda haka wanda ya ɗaure wa jirginsa 'yar sifika mai haɗuwa da waya, ya kunna masa muryar jirgi daga intanet, bai yi kome ba tukuna. Jirgi na tsaye yana haki, ko yana rarrafe murya na gudu. Ko ɗan shekara biyar zai gane akwai ƙarya a ciki. A ganinmu, ƙara maras daɗi wadda ke bin juyin ƙafa ta fi ƙara mai daɗi wadda ba ta san inda ƙafa take ba.

Manyan kamfanonin kayan wasa sun gane haka tun da daɗewa, kuma dabarunsu na farko ba su fi ƙarfin yaron da ya iya motar langa-langa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen American Flyer na Amurka suna da ɗan zuga-zugi ko fistin da ke hura iska ta wata 'yar kafa, ya ba da ƙara ya kuma tura hayaƙi. A shekarun 1970 kamfanin Hornby na Ingila ya sa wani ɗan ƙarfe a jikin sandar da ke haɗa ƙafafu biyu na taragon kwal, duk juyi sai ya goga wani falle mai kaushi kamar samfefa wanda ke manne da ɗan akwati. A shekarun nan dai, kamfanin Lionel na Amurka ya sa wa jiragensa masu araha wata 'yar ganga a ƙarƙashin tarago, cike da 'yan duwatsu, tana birgima a kan layi tana caccaka. Watau dai caki. Ɗan gwangwanin tumatir da aka zuba wa rairayi mai gari-gari ko 'ya'yan gero, aka liƙa masa ƙananan shinge daga ciki domin su riƙa ɗaukar tsabar suna saki, zai yi wannan aiki ba batir ba waya. In an sa shinge huɗu, an sami numfashi huɗu.

DABARAR REDIYO

Wanda yake son abin ya fi haka kama da gaske, ga hanyar da ta fi ba mu sha'awa. Ƙarar tururi ba wata aba ba ce illa shuuu ɗin nan da rediyo ke yi idan allurarsa ta faɗa tsakanin tasha da tasha a zangon FM. A nemi ƙaramin rediyon aljihu irin na dā mai murɗawa, domin na zamani masu neman tasha da kansu sukan yi shiru in ba su samu ba. A ajiye allurar inda babu tasha, a cire eriya, a yanke ɗaya daga cikin wayoyi biyu da ke zuwa sifika, a sa makunni a tsakani. Duk sa'ad da makunnin ya haɗu za a ji shuu, in ya rabu a ji shiru. Saura kawai a sa ƙafar jirgi ta riƙa kunnawa da kashewa.

Akwai wani makunni da aka yi domin irin wannan: ɗan bututun gilashi ne siriri, bai kai tsawon ashana ba, da harsuna biyu na ƙarfe a ciki waɗanda ke haɗuwa in maganaɗisu ya matso. Shi ne ke cikin 'yar ƙararrawar nan da ake mannawa a ƙofa saboda ɓarayi. A manna shi a ƙarƙashin jirgi, a liƙa ƙananan maganaɗisu a bayan ƙafa, irin waɗanda ake cirowa daga matattun sifikun waya. In ba a samu ba, tsinken langa-langa da ke shafar kan ƙusoshi a jikin sandar ƙafa zai wadatar, sai dai yana son a riƙa goge shi.

A nan ma akwai lissafi. Ƙafar da faɗinta santimita 4 ne, kewayenta wajen santimita 12 da rabi ne. In jirgi na cin santimita 25 a daƙiƙa, juyi biyu ke nan, numfashi takwas a daƙiƙa ɗaya. Da ya ƙara gudu kaɗan sai ƙarar ta cakuɗe kunne ya kāsa rarrabewa. Don haka ne masu wannan wasa da yawa kan sa maganaɗisu biyu maimakon huɗu. Masu tsanani a cikinsu suna ganin wannan ha'inci ne. Mu dai muna ganin gara a sa huɗun a rage gudun jirgi, domin yawancin jiragen wasa gudun da suke yi ya wuce kima.

Usur da hon kuwa ba su da ruwa da juyin ƙafa, saboda haka a nan ne ɗaukar murya ke da amfani. Tun 1935 Lionel ya yi usur da 'yar fanka mai hura iska. Yau akwai wani ɗan allo mai suna ISD1820, bai kai tafin hannu ba, yana da makirfo a jikinsa, yana ɗaukar magana ta wajen daƙiƙa 10, yana aiki da wuta bolt 3 zuwa 5. Danginsa ne ke cikin 'yar lasifikar da masu tallan magani ke ratayawa tana maimaita kira a kasuwar Laraba ta Nyanya. In aka binne maganaɗisu a tsakiyar layi daf da tasha, aka sa makunnin gilashi na biyu a cikin jirgi, to duk zuwa sai ya yi usur da kansa. Mai son jirgin dizal irin na Kaduna, wanda gurnaninsa ba ya yankewa, sai ya nemi DFPlayer Mini, wanda ke karanta memori ya yi ta maimaita abin da aka zuba masa.

Duk wadda aka bi cikin hanyoyin nan, kada a bar sifika tsirara. Takardarta tana tura iska ta gaba a daidai lokacin da take janta ta baya, in babu abin da ya raba biyun sai su cinye juna, a ji ƙara siririya kamar kukan sauro. A zaunar da ita a bakin gwangwanin madara ko murfin turare, a toshe gefen da gam yadda iska ba za ta zurare ba, nan take muryar za ta yi kauri. Wannan ya fi muhimmanci a tsakar gida bisa cikin ɗaki, domin a fili babu bangon da zai dawo da ƙara. Kuma a rufe fuskarta da ƙyalle mai shara-shara: ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, maganaɗisun sifika kuma yana tsince duk wani garin ƙarfe da ke cikin ƙasa har ya shaƙe ta.

Akwai gargaɗi biyu da ya wajaba iyaye su riƙe. Batirin litiyam irin wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta, mai lamba 18650, yana da ƙarfi kuma yana da araha, amma in aka huda shi, ko wayoyinsa suka haɗu, ko aka yi masa caji ba tare da ɗan allon kariya ba, yana iya kama wuta. Ga yaro, batirin tocila na yau da kullum ya fi. Na biyu, ƙananan maganaɗisun nan in jariri ya haɗiye biyu, suna iya kama juna ta jikin hanji su huda shi, haka ma batirin agogo mai kama da kwabo yana ƙona maƙogwaro. A gidan haya mai yara da yawa, a liƙe su da gam mai ƙarfi, a kuma ƙirga su kafin aiki da bayansa.

Wanda yake neman siffar da zai kwaikwaya ba sai ya duba hoton jirgin Turai ba. A tashar Minna an adana ɗan kan jirgin da aka kawo a 1901 domin layin Zungeru zuwa Barijuko, shi ne na farko da ya yi numfashi a ƙasar Arewa. Gajere ne, tukunyarsa ba ta da wani ado, gwangwanin madarar gari ɗaya da guntun kwano sun isa su fitar da kamanninsa, kuma cikin ɗakin direbansa akwai wurin da rediyon aljihu zai ɓuya.