Darasin Ebola: yadda annoba ke tona asirin gwamnatocin da ba su daɗe da komawa dimokuraɗiyya ba

Cutar Ebola ta ɓulla ne a watan Disamba na 2013 a wani ƙauye mai suna Meliandou, cikin yankin Guéckédou na ƙasar Gini, amma sai a ƙarshen watan Maris na 2014 aka san sunanta, bayan an aika jinin marasa lafiya zuwa Faransa don gwaji. Wata uku cur cutar tana yawo, ma'aikatan asibiti na ɗaukar ta amai da gudawa ce ko zazzaɓi. Kafin a shawo kanta a 2016, ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe fiye da 11,000, kusan dukkansu a Gini, Laberiya da Saliyo.

Ƙasashen nan uku sun yi kama da juna ta fuska ɗaya. Saliyo ta fita daga yaƙin basasa a 2002, Laberiya a 2003, ita kuwa Gini sai a 2010 ta yi zaɓen da ya kawo Alpha Condé. Suna da shugabanni zaɓaɓɓu, da majalisu, da jaridu. Abin da ba su gama ginawa ba shi ne aikin gwamnati na yau da kullum: wa ke kai rahoto ga wa, wa ke sa hannu kuɗi ya fita, wa ke da jerin sunayen ma'aikata na gaskiya. Ana iya shirya zaɓe cikin shekara ɗaya da tallafin ƙasashen waje. Horar da likita kuwa shekara bakwai yake ci ko fiye, kuma lokacin da cutar ta zo Laberiya likitoci wajen 50 ne ke duba al'umma miliyan huɗu.

Inda abin ya fi tsami shi ne kuɗi. A Saliyo an yi wa masu binne gawa alkawarin kuɗin kasada, amma makonni su wuce ba a biya ba. A watan Nuwamba na 2014, a garin Kenema, masu wannan aiki suka ajiye gawarwaki a fili don nuna fushinsu. A daidai lokacin kuma jerin masu karɓar kuɗin cike yake da sunayen bogi, sai da aka koma biya ta wayar salula kafin lamarin ya lafa. Da ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2015, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ya bincika ba su da cikakkun takardun da ke nuna inda suka shiga. A nan dole a yaba wa dimokuraɗiyyar kanta, tunda rahoton ya fito fili har majalisa ta tattauna shi. Sai dai ya zo bayan an binne mutane. Matsalar ma ba ta gwamnatoci kaɗai ba ce: ƙungiyar Red Cross ta amsa a 2017 cewa an yi sama da faɗi da kimanin dala miliyan 6 na kuɗin yaƙi da cutar.

Sai batun yarda. Gundumomin Kailahun da Kenema, inda cutar ta fara a Saliyo, yankin ƴan adawa ne, don haka jita-jita ta bazu cewa gwamnati ce ke son rage yawansu. A Laberiya mutane da dama sun ɗauka dabara ce ta neman kuɗin agaji. Hukumar da ba a yarda da ita ba, bindiga take ɗauka: a watan Agusta na 2014 sojoji suka killace unguwar West Point a Monrobiya, aka yi harbi, wani matashi ya rasu, bayan kwana goma aka janye shingen. A ƙauyen Womey na Gini kuma, mutum takwas da suka je faɗakarwa, har da ƴan jarida, aka kashe su a watan Satumba.

Najeriya ta tsira da mutum 20 da suka kamu, takwas suka rasu, kuma babban dalili shi ne ta riga tana da cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, da ma'aikatan da suka saba bin gida-gida.

Mu a Nijar ba mu ga Ebola ba, amma mun ga sanƙarau na 2015, wanda ya kama mutum sama da 8,000, ya kashe fiye da 500. An rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, allurar rigakafi ta yi ƙaranci, iyaye suka koma saye da kuɗinsu a kantunan magani, har hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi gargaɗi kan jabun allurai da aka samu a ƙasar. Tun 2006 kuma doka ta ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar magani kyauta ne, amma CSI na yin aikin ne ta jira gwamnati ta biya ta daga baya. Shekara da shekaru biyan na makara, majinyata a Tasawa ko Madawa su tarar da ɗakin magani fayau, a rubuta musu takarda su je su saya.