Tafiyar Ɗaurin Auren Amini daga Abuja zuwa Kano

Ɗaurin auren amini ba hidimar da ake aika uzuri ba ce. Shi ya sa ma'aikata da dama kan bar Abuja ana saukowa daga Juma'a, su nufi Kano, tafiyar kimanin kilomita 400 ta Kaduna da Zariya. Ana gaggawa ne don kada dare ya yi a hanya, saboda fargabar masu garkuwa da mutane. Ga cunkoson tireloli, ga shingayen jami'an tsaro. Kafin Kwanar Dangora ƙafafu sun kumbura, babbar riga ta yamutse.

Asabar da safe wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da alewa, duk cikin 'yan mintuna. Lahadi a kamo hanya, domin Litinin akwai aiki.