Fentin da Ba a Gani, Shi ke Riƙe da Tanki

Ranar 9 ga Janairun 2014, mazauna birnin Charleston da ke jihar West Virginia ta Amurka suka wayi gari da wani baƙon wari. Kafin dare hukuma ta gargaɗi mutum kusan 300,000 da kada su sha ruwan famfo, kada su yi girki ko wanka da shi. Wani sinadarin wanke kwal ne, galan kusan 10,000, ya tsiyaye daga tsohon tankin ƙarfe na kamfanin Freedom Industries, ya gangara kogin Elk, sama kaɗan da inda ake jawo wa gari ruwan sha. Da masu bincike suka duba gindin tankin, ramuka biyu suka tarar, babban cikinsu bai kai inci ɗaya ba. Tsatsa ce ta huda su.

Tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Da zarar ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfe tsirara, sai ɗan ƙaramin lantarki ya fara gudana tsakanin wani gefe na ƙarfen da wani. Gefen da ke bayarwa shi ke narkewa. In akwai gishiri a cikin ruwan, lantarkin ya samu hanya, cin ya ƙara sauri. Tanki kuwa ta ko'ina ruwa ke samunsa. Ko tankin fetur ne, ruwan da ke cikin mai yana kwantawa a gindi saboda ya fi nauyi. Tururi yana taruwa a ƙarƙashin rufi idan dare ya yi sanyi, danshin ƙasa kuma yana cin gindin ta waje. Mafi haɗari ita ce tsatsar da ke tsayawa wuri guda tana haƙa rami, alhali sauran farantin lafiya lau. A 2016 ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarfe na ci wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa.

Fentin tanki yawanci hawa uku ne. Na sama shi ke ɗauke da launi, yana tare rana. Na tsakiya yana ƙara kauri don ruwa ya sha wuyar ratsawa. Na farko, wanda masu sana'a ke kira firaima, shi kaɗai ke taɓa ƙarfen, kuma in ya saki, sauran biyun sun tafi tare da shi, komai tsadarsu.

A da jar dalma ce sarauniyar fentin farko, kuma tana aiki, sai dai dalma guba ce, shi ya sa aka guje ta. Yau akwai mai sinadarin fosfet da ke rage wa tsatsa ƙarfi, akwai na ifoksi da ke manne wa ƙarfe ƙam ya toshe wa ruwa hanya. Amma wanda ya fi burge ni shi ne mai garin tutiya, wato zinkin nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi.

Hikimarsa ita ce tutiya ta fi ƙarfe saurin narkewa. In aka haɗa su wuri guda, ruwa ya same su, tutiyar ce za ta ci gaba da ƙarewa, ƙarfen ya tsira. Don haka ko an ƙarce fentin har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da ƙarcin tana kare shi, abin da ta bari bayan ta narke kuma yana cike gurbin. Tun 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya gwada wannan dabara a jikin jiragen ruwan yaƙin Ingila. Sharaɗin dai shi ne garin tutiyar ya yi yawa a cikin fentin har ƙwayoyinsa su taɓa juna su taɓa ƙarfen, shi ya sa ƙa'idar ISO 12944 ba ta lissafa fenti a wannan sahu sai tutiya ta kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa bayan ya bushe. Shaidar ƙarkonsa tana Ostireliya, inda a farkon shekarun 1940 aka shafa wa bututun ruwa na Morgan zuwa Whyalla, mai tsawon fiye da kilomita 350, fentin tutiya da Victor Nightingall ya ƙirƙiro. Bututun ya shafe gomman shekaru a fili yana aiki. Kaurin irin wannan fenti kuwa bai wuce na silin gashin kai ba, maikiron 50 zuwa 75.

To amma gwangwanin fenti ba ya ceton tankin da ba a shirya jikinsa ba, kuma nan ne aka fi yin ha'inci, domin wuri ne da ido ba zai sake gani ba. Sabon faranti yana fitowa daga masana'anta da wani baƙin ɓawo mai sheƙi, wanda mai saye kan ɗauka kariya ce. Ɓawon yana tsagewa, kuma inda ya tsage nan tsatsa ke taruwa ta yi rami. Dole a cire shi, kuma burushin waya ba ya iyawa. Sai an yi feshin tsakuwar ƙarfe ko makamanciyarta da iska mai ƙarfi har farantin ya yi fari-fari, matakin da ake rubutawa Sa 2½ a takardar kwangila. Feshin yana barin kaushi wanda fentin zai kama. Yashin rafi bai dace da wannan aiki ba, domin ƙurarsa tana lalata huhun mai feshi har abada, kuma ran ma'aikaci ya fi tankin.

Bayan feshi akwai gishirin da ido ba ya gani. In aka rufe shi da fenti, zai riƙa jawo ruwa ta cikin fentin har ya yi bororo ya fashe. Akwai kuma raɓa: ƙa'ida ita ce ɗumin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3, danshin iska kuma kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari. Ƙarfen da aka fesa da safe a ranar ake shafa masa fentin farko, ba a bari ya kwana.

A ƙasar Hausa iska ba ta da gishirin teku irin na Legas, don haka bayan tanki a Kano ko Damagaram ya fi samun sauƙi. Wannan sauƙin ne ke sa sakaci. Ƙurar hunturu tana sauka a kan faranti tsakanin feshi da fenti, zafin bazara yana busar da feshin fenti tun bai isa jikin ƙarfe ba, cikin tanki kuwa bai san Kano da Legas ba, ruwa ruwa ne. Sau da yawa mai walda yana gama tankin gidan mai ko na unguwa, ya goga jan fenti a kan tsatsa, ya bi da launi mai kyau. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, tun da mai aikin ma launin yake dubawa kafin ya biya.

Kuma ba kowane fentin farko ke shiga ko'ina ba. Tutiya ba ta jure asid ko sinadari mai kaifin kanwa, kuma ba a yarda ta taɓa man jirgin sama ba. Fentin mai na gama-gari in aka ɗora shi a kanta, ɓarewa yake yi. Cikin tanki yawanci ifoksi ake shafawa, na ruwan sha kuma sai wanda aka tabbatar ba ya sakin guba.

Wanda zai ba da kwangilar tanki, hukuma ce ko ɗan kasuwa, ya kamata ya raba biyan kuɗi gida-gida, ya tura mai dubawa kafin a rufe kowane hawa. A ga farantin bayan feshi, a gwada gishiri, a rubuta zafi da danshin ranar, a auna kaurin fentin farko da ɗan ma'aunin maganaɗisu da ke shiga aljihu. In cikin tanki ne, a bi shi da na'urar lantarki mai gano ƙananan huda, musamman a kan layin walda da kusurwoyi, inda fenti ya fi yin siriri. Sai waɗannan takardu sun cika a sa hannu a kawo fenti na biyu.