Katin Kyamara Ba Rumbu Ba Ne

Duk manomin Bagwai ya san bambancin kwando da rumbu. Da kwando ake kwaso gyaɗa daga gona, a juye, a koma da shi a sake cikowa. Rumbu kuwa shi ne inda abinci yake zama har damina ta zagayo. Wannan bambanci ne ya kamata mu riƙe game da hotunan bidiyo da ake ɗauka a ranar yaye ɗalibai, ko ranar wasanni, ko bikin aure. Kyamarorin yanzu ba su amfani da kaset, a kan ɗan ƙaramin kati suke ɗauka, kuma mutane da yawa suna zaton an adana abu da zarar ya shiga katin. Alhali kuwa katin kwando ne kawai.

Yadda abin yake a da

Iyayenmu da malamai za su tuna da kaset na VHS, wanda kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da shi a 1976. A kan irinsa ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. A 1995 aka sami ƙaramin kaset na MiniDV mai ɗaukar awa ɗaya. A wancan lokaci ajiya ba ta da wuya. In kaset ya cika, sai a rubuta suna a jikinsa, a sa a kabad, a sayo sabo.

Amma ko a da ɗin, son sake amfani da kaset ya jawo asara. A 2009 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bayyana cewa bisa ga dukkan alamu an goge ainihin kaset ɗin da aka ɗauki saukar mutum a kan wata a 1969, aka ɗora wani abu a kai. In haka ta faru ga masu kuɗi da ƙwararru, ina ga mu?

Abin da ya canja

A 2006 kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da tsarin ɗauka mai suna AVCHD, daga nan kyamarori masu kati suka yi ta yaɗuwa. Amfaninsu a fili yake: babu tariya, kuma hoto ya fi kyau. Sai dai an yi katin ne domin a riƙa gogewa ana sake ɗauka. Mai ɗaukar hoto da ya yi mana aiki ranar Juma'a yana da biki ranar Asabar, kuma da wannan katin zai je.

Ko an ajiye katin ba a goge ba, akwai haɗari. A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa, kowane yana riƙe da ɗan digon lantarki, kuma da waɗannan ne ake rubuta hoton. Lantarkin yakan zurare a hankali in an bar kati shekaru ba a sa shi a na'ura ba, zafi irin na bazararmu kuma yana gaggauta zurarewar. Bugu da ƙari, kaset in ya lalace a wuri ɗaya, akan kalli sauran. Kati kuwa yakan mutu gaba ɗaya rana ɗaya, ba sallama. Ga kuma na jabu a kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi.

Matakai biyar na ajiya

Na ɗaya, a kwafe katin dukansa zuwa kwamfuta a ranar da aka yi ɗauka. Wanda ya buɗe katin irin wannan kyamara zai ga jaka mai suna PRIVATE, a cikinta akwai wasu jakunkuna. Kada a tsinci fayil ɗin bidiyo kawai a bar sauran. Kyamara takan yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce gigabayit 4 ba, kuma ƙananan fayil ɗin nan da ake rainawa su ne suke nuna yadda za a haɗa gunduwoyin, da ranar da aka yi ɗaukar.

Na biyu, a ba kowace ɗauka jakarta da suna mai ma'ana. Kyamara lamba kawai take ba fayil, kuma bayan an goge kati takan sake farawa daga sifili, don haka fayil biyu masu suna ɗaya suna iya danne juna. A fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan sunan taron. Ta haka jakunkuna za su jeru da kansu bi da bi.

Na uku, a duba kafin a goge. A gwada girman abin da ke kan kati da na kwafin, a ga sun yi daidai, sannan a kalli farko da tsakiya da ƙarshen kowane fayil.

Na huɗu, a yi kwafi uku. Masu ɗaukar hoto suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Misali, ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a faifan ajiya na waje a ɗakin karatu, ɗaya a wani gida ko a ma'ajiyar intanet. Manomi mai hankali ba ya zuba irin shuka duka a wuri ɗaya, saboda gobara da gara da ɓarawo. Game da girma, awa ɗaya ta bidiyo mai kyau takan ci gigabayit 8 zuwa 11, wato faifai mai gigabayit 1,000 zai ɗauki kimanin awa 100. Faifan DVD gigabayit 4.7 yake ɗauka, sai an matse hoto kafin ya shiga. Haka nan WhatsApp da Facebook sukan rage ingancin bidiyo, don haka sun dace da rabawa kawai. Ainihin ɗaukar a bar ta yadda ta fito daga kyamara.

Na biyar, a riƙa kewaya ajiya. Faifai yana son wuri mai sanyi, nesa da ƙurar hunturu da laimar damina, ba ya son faɗuwa, ba ya kuma son wuta ta ɗauke yana cikin aiki. A kunna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan 'yan shekaru kuma a mayar da komai kan sabo tun tsohon yana da lafiya.

Tsofaffin kaset fa?

Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera na'urar kallon VHS, ya daina a 2016. Na'urorin da suka rage kullum raguwa suke yi. Duk mai tsohon kaset na aure ko na makaranta ya nemi a juye masa shi zuwa kwamfuta tun ana samun masu yi, kada kuma ya yar da kaset ɗin bayan an juye. Abin mamaki shi ne, manyan gidajen talabijin da ma'ajiyun tarihi har yau a kan kaset suke ajiya mai nisa, wani iri mai suna LTO da ya fito a 2000, domin yana daɗewa a kan kanta ba ya bukatar wuta.

Aikin wane ne?

Yawancin asarar bidiyo tana faruwa ne domin kowa ya ɗauka wani ya ajiye. Ya kamata kowace makaranta da kowace ƙungiya su naɗa mutum ɗaya mai kula da wannan aiki, da littafi na takarda inda zai rubuta ranar ɗauka, da abin da ke ciki, da sunayen manyan baƙi, da inda kowane kwafi yake. In ya tashi, ya miƙa littafin da faifan ga magajinsa a gaban shaidu.

Ku ɗalibai, ku ne kuka fi mu sanin waɗannan na'urori. A cikin bidiyon da ke hannunku akwai muryoyin kakanni da fuskokin malamai da abokai waɗanda wata rana za ku so ku sake gani. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. In kun je hutu, ku tambayi inda bidiyon gidanku yake, ku kuma tabbata an yi masa kwafi na biyu kafin ku dawo.