ƘARAMAR BINDIGA A ALJIHUN BAƘO: ABIN DA DOKA TA CE

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zauna hira da dare a zangon Hausawa na bakin gadar Anacha, ko a Garki ta Inugu, ko kuwa a Oyigbo da ke gefen Fatakwal, ya san akwai wata magana da ba ta ƙarewa, watau maganar tsaron kai. Falke ya sayar da shanu a Amansea ko Ugwuoba ko Lokpanta, ga kuɗi a jikinsa, ga hanya mai nisa a gabansa. Mai gadi ya kwana a ƙofar gidan wani attajiri, ba shi da komai sai tocila da gora. Ana cikin haka sai wani saurayi ya fito da wayarsa ya nuna hoton ƙaramar bindiga irin wadda mutanen Amurka ke sokewa a ƙugu, ya ce ai da mutum zai sami irin wannan da ya huta. Daga nan sai gardama ta kaure a kan wace iri ce ta fi.

To, 'yan'uwa, kafin mu kai ga wace iri ce ta fi, ya kamata mu fara tambayar ko hukuma ta yarda a riƙe ta tukuna, domin an ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

YADDA ABIN YAKE A ƘASASHEN WAJE

A Amurka, tsarin mulkinsu ne ya ba su damar mallakar makami tun shekarar 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce damar ta haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Saboda haka ne zaɓen bindiga ya zama musu kamar zaɓen keke ko agogo. Suna duba nauyinta, da yadda ta zauna a tafin hannu, da yawan harsashin da take ci. Akwai wadda ake kira Glock 19, ƙirar ƙasar Ostiriya, mai cin harsashi 15, wadda suke ɗauka tsaka-tsaki ce. Masana harbi a can sun yarda da abu guda, watau gwargwadon ƙanƙantar bindiga gwargwadon sauƙin ɓoye ta, amma kuma gwargwadon zafin naushin da take yi wa hannu da wuyar saiti. Shi ya sa mai ita yakan yi ta zuwa filin koyon harbi yana ƙona harsashi har hannunsa ya faɗa.

Amma fa ba ko'ina ne Amurka ba. A Birtaniya, bayan wani mutum ya harbe yara 16 da malamarsu a makarantar garin Dunblane a 1996, sai aka haramta wa jama'a ƙananan bindigogi a 1997. A Afirka ta Kudu ana ba da lasin, amma sai an jarraba mutum an ba shi takardar ƙwarewa. Kowace ƙasa da irin tata dokar, mu kuwa a ƙarƙashin ta Nijeriya muke.

DOKAR 1959

Dokar Makamai ta Nijeriya an kafa ta ne a 1959, kuma ta raba bindigogi gida uku.

Gida na farko shi ne haramtattun makamai. A nan aka sa igwa, da bam, da gurneti, da mashinga, da bindigogin soja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan gida ne aka sa libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu, ko da kuwa ta gargajiya ce mai ɗurin albarushi. Babu mai ikon ba da lasin waɗannan sai Shugaban Ƙasa shi kaɗai. Watau ke nan a idon doka, bindigar aljihu jerin mashinga take.

Gida na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu ta harbin tsuntsu, da bindigar farauta, da bindigar iska. Lasin waɗannan yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Gida na uku shi ne bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita kuma sha'aninta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Har ila yau dokar ta ce ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba lasin, haka nan mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga kuwa shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Bugu da ƙari akwai dokar fashi da makami. Bayan yaƙin basasa makamai sun watsu a hannun mutane, fashi ya yi yawa, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa wannan doka a 1970, aka fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Ikko a 1971. Gwamnatin soja ta sake ƙarfafa ta a 1984. Ita ma ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga mai riƙe bindiga ba da izini ba. Mai karatu ya lura, ba sai mutum ya yi harbi ba, ba sai ya tare hanya ba. Samunta kawai a jakarsa ya isa.

Wasu za su ce ai a watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Gaskiya ne an yi haka, amma nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 ma hedkwatar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka duk wanda ya zo maka a tasha ko a kasuwa ya ce zai sama maka libarba har da takardarta, to, ɗayan biyu ne: ko macuci ne, ko kuwa tarko aka ɗana maka.

DARASIN UROMI

Ban da maganar kotu, akwai wani haɗari da ya shafi baƙo musamman. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Salla, waɗansu maharba 'yan Jihar Kano suka taso daga Jihar Ribas za su gida a cikin babbar mota. Da suka iso Uromi a Jihar Edo sai 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane. Kafin a ce haka jama'a sun taru, aka kashe mutum 16. Daga baya Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tafi Kano ya yi ta'aziyya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Waɗannan bayin Allah ba su yi laifin da za a kashe su ba, kuma alhakin jininsu yana kan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa. In har bindigar toka, kayan sana'ar maharbi da kowa ya sani, ta iya jawo wannan, to ina ga libarba da aka zaro daga ƙarƙashin rigar Bahaushe a shingen 'yan banga da tsakar dare? Wa zai tsaya ya saurari cewa kuɗin shanunsa yake karewa? Kuma abin ba zai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Anacha a watan Fabrairun 2006, ko a Oyigbo a watan Oktoban 2020, sun san yadda wuta kan tashi ta ci mai shayi da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bindiga ɗaya a ɗaki ɗaya tana iya sa a yi wa zango duka kuɗin goro.

GA MASU GADI

Wannan jan kunne ne ga 'yan'uwanmu masu aikin gadi a Fatakwal da Inugu da sauran garuruwa. Sau da yawa maigida yakan miƙa wa mai gadinsa bindiga ya ce ai tana da lasin. To, a sani lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, sunan wanda aka rubuta shi ne mai izini. Ran da 'yan sanda suka zo, wanda aka samu da ita a hannu shi za a fara tambaya. Kai, ko kamfanonin gadi masu rajista ma, dokar da ta kafa su a 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga. In maigida ya matsa, a ba shi haƙuri, a kai maganar gaban Sarkin Hausawa.

Haka kuma a sani cewa tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfi daidai gwargwadon haɗarin da ya fuskanta. Alƙali ne zai auna wannan daga baya, kuma kare kai ba ya wanke laifin riƙe haramtaccen makami.

ABIN DA YA RAGE A YI

Wanda sha'awarsa ita ce koyon saiti, akwai wasan harbi da ake yi har a gasar Olamfik, inda ake harbin allo daga nisan mita 10 da ƙaramar bindigar iska. Nijeriya tana da hukumar wannan wasa. Sai dai ita ma bindigar iskar tana cikin gida na biyu, watau sai da izini, kuma a filin da hukuma ta sani ake yi. Fita bayan gari a jera kwalabe ana harbi ba koyo ba ne, neman fitina ne.

Maharbi kuwa, kafin ya ɗora bindigarsa a mota ya ratsa jihohi biyar ko shida, ya je ofishin 'yan sanda na inda yake ya nuna takardarsa, ya tambayi ko za ta yi masa aiki a hanya, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyarsa. In da hali ma, ya bar ta a ajiye a inda yake sana'a ya je gida ya yi Sallarsa ya dawo.

Falke kuma ya tuna abin da ɗan fashi ke bi shi ne tsabar kuɗi. Yanzu da ake tura kuɗi ta banki da ta waya tun ana tsaye a kara, babu dalilin ɗaure miliyoyi a ƙugu. A yi tafiya da rana, a yi ta cikin ayari, a riƙe katin shaida, a kuma bar lambar mota da ta direba a wurin shugaban tasha. Shugabannin zango su ma da nasu aikin: su san kowane baƙo da ya sauka, su riƙa ganawa da DPO da sarakunan gari da shugabannin kasuwa tun ana zaman lafiya, kada a bari sai rana ta ɓaci.

Dattawan Inugu ba su manta da Malam Umaru Altine ba, falken shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda mutanen garin suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko a cikin shekarun 1950. Abin da ya kai shi wannan matsayi shi ne amana da iya zama da jama'a, kuma har gobe da su baƙo yake kwana lafiya a garin mutane.

Allah ya tsare mu a hanya da masauki, ya mai da kowa gida lafiya, amin.