Mota da Zafin Bazara a Ƙasar Daura

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Daura ya san yadda gari yake zama tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu. Hanyoyi sukan yi tsit, 'yan acaɓa su fake a gindin darbejiya, ma'aunin zafi kuwa ya kai digiri 40 ko ya ɗan haura, a inuwa ma ke nan. A irin wannan lokaci ne magidanci zai dawo daga Katsina ko daga kasuwar Mai'aduwa, ya ajiye motarsa a ƙofar gida, ya ɗaga gilasai saboda ƙura, ya shige yana neman ruwan randa. A ganinsa ya kashe mota, aikinta ya ƙare. Amma ta fuskar kimiyya a lokacin ne wani aiki yake somawa a cikinta, wanda ba ya bukatar fetur ko mabuɗi.

Hasken rana yana ratsa gilashi ba tare da wani cikas ba. Idan ya shiga sai ya sauka a kan kujeru da sitiyari da baƙin allon nan na gaban direba, su kuwa su shanye shi su ɗau zafi, har allon yakan wuce digiri 70. Daga nan sai su riƙa mayar da zafin ta hanyar wani irin haske da ido ba ya gani, wanda gilashi ba ya bari ya fita da sauƙi kamar yadda ya bar na farko ya shigo. Babban abin ma shi ne iska. A fili, iskar da ta yi zafi takan tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. A cikin rufaffiyar mota ba ta da wurin zuwa. Zafi yana ta shigowa, mafita kuwa kaɗan ce.

A shekarar 2005 wasu masana a Amurka, Catherine McLaren da Jan Null da James Quinn, suka wallafa sakamakon awon da suka yi a kan wata mota da suka riƙa ajiyewa a rana. Sun samu cewa a cikin sa'a ɗaya zafin cikin mota yakan ɗara na waje da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan hauhawa yana aukuwa ne a minti 30 na farko. Da suka sassauta gilashi kaɗan, kamar yadda direbobi suke yi su ce sun bar wa mota hanyar shan iska, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. To, idan ɗalibi ya ɗora 22 a kan 40 na ranar Daura, lissafin zai kai shi digiri 60 da 'yan kai.

Yaro a cikin mota

Wannan lissafi ba don kujeru ake yinsa ba. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ninki uku zuwa biyar, domin jikin ƙarami ne kuma hanyarsa ta sanyaya kansa da gumi ba ta gama ƙwari ba. Da zarar zafin cikin jiki ya kai digiri 40, ƙwaƙwalwa takan soma rikicewa, yaro ya galabaita, ya kasa ko da kuka mai ƙarfi. Idan ya doshi 42, rai yana cikin haɗari ƙwarai. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan mutuwa tun 1998, yara fiye da 1,000 sun rasu ta wannan hanya. Fiye da rabinsu mantawa aka yi da su a kujerar baya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuwa su ne suka shiga motar da kansu suna wasa.

Kashin nan na biyu shi ya fi kama da abin da ake gudu a garuruwanmu. Gidaje da yawa suna da motar da ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida ko a kango, tayoyi sun sace, batir ya mutu, ba wanda ya damu ya kulle ta tunda ɓarawo ba zai iya tuƙa ta ba. Ga yara kuwa babu wurin wasan ɓuya kamarta. Idan irin wannan masifa ta auku, mutane sukan ce iska ce ta ƙare musu. Ba haka ba ne. Mota ba tulu ba ce, tana da kafofin da iska take ɗan shiga. Zafi ne yake kisa, kuma yana yi tun kafin a lura yaran ba sa tsakar gida.

Canjin motoci ma ya ƙara wa abin nauyi. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a masana'antar da aka buɗe a 1975, da hannu ake murɗa gilashinta, yaro ɗan shekara biyar zai iya sauke shi. Motocin tokumbo da suka cika hanyoyin Daura da Zango da Sandamu da Ɓaure a yau, akasarinsu da lantarki gilasansu suke aiki, idan babu mabuɗi ba sa motsi. Sa'an nan ga makullin yara. Wani ɗan maɓalli ne a gefen ƙofar baya, ba a ganinsa sai an buɗe ƙofar. Idan aka tura shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba sai daga waje. A kan hanyar Kazaure, mota tana gudu yara suna kokawa a baya, wannan maɓalli rahama ne. A ƙofar gida, motar tana tsaye babu babba a kusa, shi ne yake mayar da ita kurkuku. Direbobi da dama ba su ma san motarsu tana da shi ba; sai dai su yi ta ƙorafi cewa hannun ƙofar baya ya lalace.

Saboda haka kulle mota ba don ɓarayi kaɗai ake yi ba. Motar da take ajiye, lafiyayya ce ko matacciya, a kulle ya kamata ta zauna, bayan an leƙa kujerar baya, mabuɗi da rimot kuma a rataye su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan yaro ya ɓace da rana, kafin a bazama unguwa cigiya a fara duba motocin da suke kusa, har da but. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga ƙarshen 2001 suna da wani ɗan hannu a cikin but mai walƙiya a duhu, wanda idan aka ja shi murfin zai buɗe. Da yake yawancin Camry da Corolla da Accord na tokumbo daga can suke, ya kyautu a nuna wa yaran da suka yi wayo inda yake.

In kuwa an tarar da yaro a rufe, ba lokacin neman mai mabuɗi ba ne. A fasa gilashin gefe wanda ya fi nisa da yaron, a buga daga kusurwa inda ya fi saurin tarwatsewa. Gilashin gaba ba ya fasuwa haka, domin akwai leda a tsakiyarsa. A kai yaron inuwa, a tuɓe masa riga, a jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita, a nufi asibiti nan take. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Zafin da injin yake haifarwa

Wancan zafin rana ne. Akwai kuma wanda mota take yi da kanta. Daga cikin ƙarfin da yake cikin fetur, abin da yake juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwan lagireto ya kwashe shi. Lagireto yana miƙa wannan zafi ne ga iskar waje, ke nan ranar da iskar kanta take digiri 40 aikinsa ya ƙaru.

Kowane ɗalibi ya san ruwa yana tafasa a digiri 100. Amma murfin lagireto ba murfin kwalba ba ne. An yi shi ne ya danne ruwan da matsi, kuma da wannan matsi ruwan yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya buɗe murfin injin yana da zafi ya cire matsin ke nan a lokaci guda, sai ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a. Idan allurar geji ta doshi ja a tsakanin Daura da Mashi, abin yi shi ne a kashe na'urar sanyaya iska, a gangara gefen hanya, a kashe injin, a yi haƙuri. Sheƙa wa injin ruwan sanyi yana iya tsaga ƙarfensa.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejojinmu, kuma duka biyun gyara ne irin na gangar auzinawa. Ta farko ita ce cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse. Wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin dasashin da ya kama gindinta, to irinsa ne yake toshe siraran bututun lagireto, ga kuma tsatsa. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa kuma yana ɗaga matakin tafasa. Sai dai guba ne mai zaƙi-zaƙi, ba a zuba shi a gorar lemo a ajiye inda yara suke. Ta biyu ita ce cire tamostat, watau ɗan bawul ɗin da yake tsare ruwa a cikin injin har ya yi ɗumi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Bakanike yakan ce na ƙasar sanyi ne, ba mu bukatarsa. Gaskiyar magana an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka cire tamostat, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai kai wannan mataki ba, ya riƙa shan mai fiye da kima, sassansa suna cin juna. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan asara ta zama wadda aljihu yake ji. Kuma sau da yawa ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko murfi ya saki.

Taya, batir da ƙura

Iskar da take cikin taya tana bin dokar da ake koyarwa a aji: idan zafi ya ƙaru a rufaffen wuri, matsi yakan ƙaru. Tayar da mai faci ya auna 32 da sassafe a digiri 25, idan kwalta ta gasa ta iskar cikinta ta kai digiri 55, za ta nuna wajen 37. Masu ƙera taya sun san da wannan, sun kuma bar masa gurbi. Kuskuren shi ne direba ya tsaya a hanyar Kwangwalam ya rage iska wai don kada taya ta fashe. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce take lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da zafi, zafin ya raba roba da wayoyin ciki. Ana auna iska ne da safe kafin a yi tafiya, adadin da ya dace kuwa yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da suke faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar tokumbo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe.

Batir shi ma zafi ne ajalinsa, domin yana ƙafar da ruwan cikinsa. Irin wanda ake buɗewa, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba. Game da ƙura kuwa, injin yana zuƙar iska kimanin lita 9,000 kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, kuma duk ta cikin matatar iska take bi. Wanda ya ga yadda hazo yake rufe Daura a watan Janairu ba ya bukatar a gaya masa dalilin duba matatar nan a kai a kai.

A garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a watan Disamba na 2019, bai kamata wannan ilimi ya tsaya a littafi ba, kuma gwada shi ba ya cin ko kwabo. Malamin kimiyya zai iya ɗauko ma'aunin zafi biyu daga ɗakin gwaje-gwaje, irin masu kaiwa digiri 110, ba na asibiti ba wanda iyakarsa 42. A rataye ɗaya a inuwar bishiya, ɗayan kuma a cikin motar wani malami da take rana, inda za a iya karanta shi ta gilashi amma hasken rana bai faɗa kansa kai tsaye ba. Ɗalibai su riƙa rubuta awo kowane minti 10 har sa'a ɗaya, su zana jadawali. Washegari a maimaita da gilashi a sassauce kamar faɗin yatsa biyu, rana ta uku kuma a shimfiɗa kwali a gilashin gaba. Mabuɗin motar ya zauna a aljihun malami har a gama, kuma ba a yarda kowa ya shiga ciki ya rufe ƙofa ba.