Bahago, Bulala da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ciwo Ke Yi wa Hannun da Ke Koyon Aiki

Kusan mutum ɗaya cikin kowane goma bahago ne, kuma abin yana somawa tun kafin a yanke cibiya. Peter Hepper na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya yi shekaru yana kallon 'yan tayi ta na'urar hoton ciki, ya ga tun suna mako 15 mafi yawansu babban yatsan dama suke tsotsa. A 2005 shi da abokan aikinsa suka bi sawun 75 daga cikinsu bayan sun kai shekara 10 zuwa 12. Duka 60 ɗin da suka tsotsi dama da dama suke aiki. Cikin 15 da suka tsotsi hagu, 10 sun tashi bahagwai. Ke nan yaron da ake kwaɗa wa muciya a hannu don ya miƙa hagu, ba taurin kai ya koyo a waje ba.

Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya hannun dama, na dama kuma yana juya hagu, domin yawancin jijiyoyin da ke kai umarni suna giciye juna a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara laka. A shekarun 1930 likitan tiyata Wilder Penfield, a Montreal ta Kanada, ya riƙa taɓa saman ƙwaƙwalwar majinyata da 'yar wutar lantarki suna farke, yana rubuta gaɓar da ta motsa. Taswirar da ya fitar ta nuna hannu da leɓe da harshe sun cinye fili mai yawa, gangar jiki kuwa ɗan lungu ta samu. Daga baya aka gano taswirar tana sauyawa da aiki. A 1995 Thomas Elbert da abokansa a Jamus sun auna makaɗan gogen Turawa da danginsa, suka tarar wurin da ke karɓar saƙon yatsun hagunsu, masu danna tsirkiya, ya fi na sauran mutane, musamman ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. A shekarar dai, Alvaro Pascual-Leone ya nuna atisayen fiyano na awa 2 kullum har kwana 5 ya isa ya faɗaɗa wurin yatsu a ƙwaƙwalwa. Abin da muke kira "hannu ya faɗa", a ka yake faruwa.

Ɗaya hannun ma ba ɗan rakiya ba ne. Dubi maƙeri. Hagunsa na riƙe da awartaki, ya danne jan ƙarfe a kan uwar maƙera, yana juya shi kaɗan-kaɗan tsakanin bugu da bugu, dama kuma tana sauke masaba daidai inda ido ya nufa. In hagu ta yi rawa, aikin ya lalace komai gwanintar dama. Robert Sainburg, mai bincike a Amurka, ya kawo hujjar cewa rabon aikin daga ƙwaƙwalwa yake: hannun da mutum ya fi amfani da shi ya ƙware wajen tsara hanyar motsi da saurinsa, ɗayan kuma wajen tsayawa daram da tare abin da ya zo ba zato. Ga bahago rabon a juye yake. Fagen dambe ya daɗe da yarda da wannan, don can ba a jayayya da mai ɗaure hagu, har ma sunan Bahago abin tinƙaho ne.

To me ke faruwa idan ciwo ya shigo tsakiyar koyo? Masu bincike ba za su iya dukan mutane ba, sai suka koma ga barkono. Sinadarin da ke sa shi yaji, kafsaisin, idan aka haɗa shi da man shafawa yana kawo raɗaɗi mai ƙuna ba tare da rauni ba. A Jami'ar Aalborg ta Danmak, a 2007, Shellie Boudreau da abokanta sun sa mutane koyon wani aikin da ba su saba ba: tura harshe a kan ma'auni da wani ƙayyadadden ƙarfi, na minti 15. A zaman da aka shafa musu man da ba yaji, sun inganta, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai juya harshe ya ƙara kuzari. A zaman kafsaisin kuwa ci gaban bai kai haka ba, ƙarin kuzarin kuma bai bayyana ba.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Jami'ar Laval da ke Kwibek, wanda Jason Bouffard da Catherine Mercier da abokansu suka wallafa a 2014. An ɗaura wa mutane wata na'ura a idon sawu mai fizgar ƙafa yayin da suke tafiya a kan injin taka sayyada na ɗakin motsa jiki, aikinsu su koyi tafiya daidai duk da fizgar. Wasu an shafa musu kafsaisin. A ranar farko ba a ga wani bambanci ba, masu raɗaɗi sun koya kamar kowa. Da aka dawo washegari, babu raɗaɗi a ƙafar kowa, sai aka ga masu raɗaɗin jiya ba su riƙe darasin kamar sauran ba. Wannan shi ke yaudarar mai horo da bulala. A gabansa yaro yana yin abin da aka ce, sai ya ɗauka duka ya yi aiki. Gobe a dawo a tarar kamar an zuba ruwa a kwando, sai a ce yaron daƙiƙi ne, a ƙara masa wata.

Gaskiya sakamakon bai zo duka a layi ɗaya ba. A Oshawa ta lardin Ontario, Erin Dancey da Bernadette Murphy sun shafa kafsaisin a gwiwar hannun mutane suna koyon danna maɓallai a jere, sai masu raɗaɗin suka fi yin daidai. Bayanin da aka kawo shi ne ɗan zafin ya farkar da hankalinsu. Amma waɗannan manya ne da suka zo da ƙafarsu, sun san man ba zai cuce su ba, zafin kuma bai hana yatsu motsi ba. Yaro ɗan shekara biyar da aka tsula wa tsumagiya a kan yatsun da zai riƙe fensir da su, ga zogi ga tsoro, lamarinsa daban ne.

Ciwo yana kuma sauya yadda ake motsin kansa. Paul Hodges da Kylie Tucker na Jami'ar Queensland a Ostireliya sun bayyana a 2011 cewa jiki kan karkatar da aiki daga tsokar da ke ciwo zuwa maƙwabtanta, ya sanƙarar da gaɓa don kare ta. Dabara ce mai amfani na ɗan lokaci, sai dai takan zauna ko bayan ciwon ya tafi. Ɗan koyon ɗinki ko saƙa da ke cije haƙori yana aiki da wuyan hannu mai ciwo, karkatacciyar hanyar yake haddacewa.

Shin juya bahago yana juya ƙwaƙwalwarsa? A Jamus an daɗe ana tilasta wa yara rubutu da dama a makaranta, don haka Hartwig Siebner ya sami manya da yawa da aka yi wa haka. A 2002 ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna rubutu da dama. Duk da shekarun da suka yi a haka, wasu sassan ɓarin dama, wato ɓarin da ke kula da hagun da aka hana, suna ci gaba da tashi fiye da na waɗanda aka haifa da dama. Hannu ya bi umarni, shirin motsin bai gama ƙaura ba.

Cin abinci da dama da miƙa abu da dama ladabi ne na addini da al'ada, kuma motsi ne mai sauƙi da bahago ke iya koya da tunatarwa, kamar yadda dubbai suka koya. Alƙalami da allura da wuƙar sassaƙa aiki ne na shekaru, a ganina babu dalilin ƙwace su daga hannun da ya fi iya su. Sau da yawa ma kayan aikin ne ke da laifi. Almakashin kasuwa na dama ne: a hannun hagu bakinsa na sama yana rufe layin yanka, matsin yatsu kuma yana ware bakunan maimakon haɗa su, yadi ya tauno. Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, shi ya sa gefen hannun bahago ke bin tawadar da bai daɗe da zubawa ba yana dame ta, sai an karkata masa takarda ɓangaren dama. A ajami kuwa, mai tafiya daga dama zuwa hagu, hannunsa kan farar takarda yake bi, mai dama ne ke kaffa-kaffa da tawada.